Abin da Na Gani a Bakin Tanderun Nafoli

Zuwa ga Edita,

Ga labarin tafiyata na wannan mako.

A birnin Nafoli, ƙasar Italiya, na shiga wani gidan abinci inda ake gasa fiza, wata irin gurasa mai faɗi. Na ga mai sana'ar ya buɗa kwaɓin alkama da hannunsa, ya zuba tumatir da cuku da ganyen ɗoɗɗoya, aka tura cikin tanderun itace mai zafin digiri 450. Cikin minti ɗaya da rabi ta gasu, amma kwaɓin nan sai da ya yi awa 8 ko fiye yana tashi. Margarita ake ce mata. Babu nama a kanta, saboda haka na ci hankalina kwance.

A da, abincin talakawan birnin ne. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar nan cikin al'adun duniya abin kiyayewa.

To, 'yan'uwana malamai da akawuna, yaya za mu raina mai gurasa don mun iya riƙe alƙalami? Wanda ya kyautata sana'ar ubansa, duniya za ta zo ƙofarsa.

Haza wassalam.

Naku,
Matafiyi