Sharhi: A buɗe wa kuramen Arewa filin wasa

Sharhinmu na yau a kan kurame ne da wasannin motsa jiki, da kuma nauyin da ya rataya a wuyanmu nan Matankari da sauran ƙasar Arewa.

A watan Nuwamba na 2025, birnin Tokyo na ƙasar Japan ya karɓi baƙuncin gasar wasannin kurame ta duniya, wadda ake kira Deaflympics. Gasar ta daɗe. A 1924 aka fara ta a birnin Paris, inda wani kurma ɗan Faransa, Eugène Rubens-Alcais, ya tara 'yan wasa 148 daga ƙasashe 9 na Turai. A wancan zamani mutane da dama suna yi wa kurma kallon mai ƙarancin hankali, shi kuwa ya zaɓi ya ba su amsa a filin wasa. Tun daga lokacin kurame ne da kansu suke riƙe da ragamar gasar, ana kuma fafatawa a tsere da ƙwallon ƙafa da ninƙaya da keke da judo da kokowa.

Ba a karɓar ɗan wasa sai an auna kunnensa, an tabbatar cewa ko kunnen da ya fi lafiya ya rasa aƙalla desibel 55 na ƙarfin ji. Mai amfani da na'urar ƙara ji kuma dole ya cire ta kafin ya shiga fili, don kada wani ya fi wani. To yaya ake tashin tsere ba tare da ƙarar bindiga ba? Fitila ake ajiyewa a gaban kowane mai gudu. Ja ta kama, ya durƙusa a kan layi. Rawaya ta kama, ya ɗaga ƙugu. Koriya na haskawa, ya zabura. A ƙwallon ƙafa, alƙalin wasa tuta yake kaɗawa a maimakon busa usur. 'Yan kallo kuma, idan abu ya burge su, hannuwa suke ɗagawa sama suna girgiza tafuka, domin tafi ne da ido ke gani.

Afirka ba a bar ta a baya ba. A gasar 2022 da aka yi a Caxias do Sul ta ƙasar Brazil, masu gudun Kenya sun koma gida da lambobin zinariya. Terence Parkin na Afirka ta Kudu, wanda aka haifa kurma, ya yi ninƙaya da masu ji a gasar Olamfik ta Sydney a 2000, ya zo na biyu a duniya a tseren mita 200.

Mu a nan, batun kurumta ba labarin nesa ba ne. Muna zaune a yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa da rani. A annobar 2015, fiye da mutum 8,000 aka lissafa sun kamu a Nijar, kuma Dogon Dutsi na cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda irin wannan sanƙarau ya kama yakan bar musu tabo, kuma rashin ji na kan gaba. Yaron da ya tashi daga wannan jinya a 2015 yau saurayi ne. Ku duba shi ranar kasuwa, yana sauke buhunan hatsi daga amalanke, yana ciniki da yatsu ba a cuce shi ko dala ba. Ku duba shi a gona da damina, hauya a hannu, ba ya barin kowa ya riga shi kai ƙarshen kunya. Amma da la'asar, idan samari suka raba gida biyu za su buga ƙwallo, sau da yawa a gefe yake tsayawa, wai ba zai ji usur ba.

Jihar Dosso ta san daɗin kokowa. Tun da aka fara gasar kokowa ta takobi a Tahoua a 1975, ƙasa ke tsayawa cik idan an shiga fili, kuma ɗan kokowa Issaka Issaka ya ɗaga sunan jiharmu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kokowa aikin ƙarfi ne da dabara da ido. Ɗan kokowa kurma yana ganin ƙafar abokin karawarsa, yana jin dukan ganga a ƙirjinsa, kuma idan alƙali ya taɓa kafaɗarsa ya san an tsayar. Langa ma haka take, tsere ma haka.

Shigar kurma wasa haƙƙi ne kuma da ƙasa ta amince da shi. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, kuma sashe na 30 ya ambaci wasanni da harshen hannu ƙarara. Wannan harshe ba baƙo ne a ƙasar Hausa ba. Kurame sun daɗe da maganar hannu tasu, har an yi nazari an rubuta littafi a kanta a Kano.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Matankari da Dogon Dutsi da Tibiri su ware rana guda bayan an gama kaka, a tara kurame maza da mata daga ƙauyuka, a yi tsere da ƙwallo da langa da kokowa. Tutoci biyu na yadi da ƙwallo da ɗan kuɗin mota sun isa a fara. A sa kuramen cikin kwamitin shiri, su ne suka san inda 'yan uwansu suke. Sarakuna su halarta, malaman makaranta su riƙe alƙalanci, wanda ya yi fice kuma a kai sunansa Dosso da Yamai. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Waɗanda muke magana a kansu ba sa sauraron rediyo, don haka saƙon yana hannunku. Uwar da ke da ɗa kurma, da wan da ke da ƙanwa kurma, ku isar musu da wannan labari da hannu, ku tambaye su wane wasa suke so, sannan ku kai amsar ofishin magajin gari kafin kaka ta zo.

Mu kwana nan. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.