Ziyarar Gidan Marayu da Abin da Ke Bayanta

Ran Asabar ɗin da ta wuce wani tsohon abokina, wanda muka yi makarantar allo tare, ya taso daga Gyadi-Gyadi ya same ni a gida a Tarauni. Shi ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ni kuwa aikin gwamnati na yi har na ajiye. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, tashi ka raka ni Hotoro. Akwai wani ɗan gidan marayu da mutanen unguwa ke riƙe da shi, na yi musu ɗan guzuri."

Muka tafi da buhun shinkafa biyu, da mai, da sabulu, da turamen atamfa. Dattijuwar da ke kula da yaran ta yi godiya ƙwarai, kana ta faɗi wata magana wadda ita ce dalilin wannan rubutu. Ta ce, "Alhaji, in azumi ya kama har wurin ajiye abinci muke rasawa, amma da an sauko daga Idi sai ƙafa ta ɗauke. Abin da yaran nan suka fi rasa shi ne wanda zai je makarantarsu ya tambayi malaminsu yadda suke, ko ya zauna kusa da su in suna kwance asibiti."

Da za mu fito, wani yaro da bai fi shekara 6 ba ya riƙe gefen rigar abokina, ya ce, "Baba, yaushe za ka dawo?" Alhaji bai iya amsawa ba. A mota ya tuna mini cewa shi ma yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, baffansa ne ya ɗauke shi ya haɗa da 'ya'yansa, kwano ɗaya, tabarma ɗaya, har ya koya masa ciniki. Ya ce, "Da buhun shinkafa baffa ya riƙa aiko mini sau ɗaya a shekara, da ban zama mutum ba."

To, abin da shari'a ke kira kafala ke nan, watau ɗaukar nauyin maraya a kan dindindin. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a maraici ya tashi: kakansa Abdul Muɗɗalib ya riƙe shi, bayansa kuma baffansa Abu Ɗalib. A cikin Sahihul Buhari an ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa ya yi nuni da yatsunsa biyu, manuniya da na tsakiya, domin bayyana kusancinsa a Aljanna da mai ɗaukar nauyin maraya. Suratul Ma'un kuwa ta sanya tunkuɗe maraya cikin alamomin mai ƙaryata ranar sakamako.

Ko jaririn da aka tsinta ba a san iyayensa ba yana da hakki a kanmu. Malaman Malikiyya sun ce ɗaukarsa farillar kifaya ce, in kowa ya ƙi, kowa ya yi laifi. A cikin Muwaɗɗa an kawo labarin Sunainu Abu Jamila, wanda ya tsinci yaro a zamanin Sayyidina Umar, sai Halifa ya hukunta cewa yaron ɗa ne, ba bawa ba, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali. Saboda haka gwamnati na da nata rabo, shi ya sa take riƙe da gidan marayu na Nassarawa, aka kuma kafa Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano a 2003. Amma fa hukuma ba ta zama baffan kowa.

Sai a lura da abu uku. Na farko, maraici kaɗai ba ya cikin kashi 8 na masu cin zakka da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. Maraya yana karɓa ne in matalauci ne. Na biyu, wanda ya ɗauki yaro kada ya canja masa sunan uba, kamar yadda aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta hukunta. In yana son ya bar masa wani abu, ga ƙofar wasiyya har sulusin dukiya. Na uku, shayarwa a cikin shekara 2 na farko tana mai da jariri muharrami a gidan da aka shayar da shi.

Shawarata ga 'yan kasuwa da ma'aikata ita ce, kowa ya zaɓi yaro ɗaya, ya san sunansa da ajinsa, ya ware masa wani abu duk wata, ya kuma riƙa zuwa da kansa, gama zumunta a ƙafa take. Kafin a yi nisa kuma a duba cikin dangi, domin sau da yawa marayan da ya fi hakki a kanmu ɗan ɗan'uwanmu ne.

Abokina ya ɗauki karatun yaron nan, mun kuma yi alkawarin komawa ran Asabar ta farkon ko wane wata. Ku taya mu addu'a kada mu saɓa wa maraya. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu dace, amin. Wassalamu.