Ba Guguwa Ce Ta Yashe Rumbun Ba

Jama'a, duk ran da Naira ta faɗi sai mu ji wasu manya suna cewa wai guguwa ce ta taso daga ƙetare, ba yadda za a yi. Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba.

Ku dubi ƙasar Cile ta Kudancin Amurka, wadda ta dogara da jan ƙarfe kamar yadda muka dogara da mai. A 2006 majalisarta ta kafa dokar ajiye rarar kuɗi. Ministan kuɗinta, Andres Velasco, ya sha zagi don ya hana a taɓa ajiyar. Da bankunan Amurka suka durƙushe a 2008, da ita aka agaji talakawa.

Mu ma a shekarar nan muna da kusan dala miliyan dubu 20 a asusun rarar mai da aka buɗe a 2004, shi ya cece mu sa'ad da ganga ta faɗo daga dala 147 zuwa ƙasa da 40. To, amma ba doka ce ta kafa asusun ba. Sai gwamnoni suka garzaya Kotun Ƙoli, wai a raba musu. Aka yi ta yasar rumbu, alhali ganga ta koma sama da dala 100! Da farashi ya sake karyewa a 2014, abin da ya rage bai kai miliyan dubu 3 ba. A 2016 'yan'uwanmu na Agege da Sabon Ibadan suka wayi gari kuɗin buhun shinkafa ya ninka.