Waiwaye: Lokacin da Kamfanin Tarho Ɗaya Ya Rinjayi Kasuwar Jamus

A watan Fabrairun 1987 kamfanin tarho na Japan, NTT, ya shiga kasuwar hannayen jari ta Tokyo. Gwamnati ta sayar da kowane hannun jari a kan kusan yen miliyan 1.2, amma kafin ƙarshen Afrilu farashin ya haura yen miliyan 3. Da aka yi lissafi, sai aka ga darajar NTT shi kaɗai ta zarce ta dukkan kamfanonin da ke kasuwar Jamus ta Yamma a haɗe, har da Siemens da Daimler-Benz da Deutsche Bank da BASF da Volkswagen. Kamfanin da aikinsa haɗa waya a cikin ƙasa ɗaya ya rinjayi masu ƙera injuna da magunguna da motocin da duniya ke rububi.

Duk lokacin da na ga an jera manyan kamfanonin Jamus da na Japan ana gwada wanne ya fi wanne, wannan labarin ne ke fara faɗo mini a rai. Yadda ake fitar da darajar kamfani abu ne mai sauƙi: a ɗauki farashin da aka sayi hannun jari na ƙarshe, a ninka shi da yawan hannayen jarin kamfanin. Kamar dai manomi ne ya ji an sayar da mudun gero da tsada a kasuwa, ya koma gida ya ƙirga buhunan da ke rumbunsa a kan wannan farashin. Lissafinsa daidai ne, amma ranar da shi da maƙwabtansa suka kwaso buhunansu gaba ɗaya zuwa kasuwa, farashin da ya yi lissafi da shi ba zai jira su ba.

Abin da ya kumbura kasuwar Japan sananne ne. Bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985 darajar yen ta tashi sosai, masu fitar da kaya suka shiga matsi, babban bankin ƙasar ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 2.5 cikin ɗari. Bashi ya yi arha, aka zuba shi a filaye da hannayen jari, sannan aka sake jingine filayen aka ƙaro wani bashin. Zuwa 1989 bankunan Japan ne suka cika saman jerin kamfanonin duniya: Industrial Bank of Japan, Sumitomo, Fuji, Dai-Ichi Kangyo. Ranar 29 ga Disamba na wannan shekarar ma'aunin Nikkei na kasuwar Tokyo ya rufe a 38,915. Daga nan aka fara gangara. Uku daga cikin bankunan nan huɗu sun narke cikin bankin Mizuho, sunayensu ma sun ɓace daga allon kasuwa.

Jamus ma ta ɗanɗani nata rabon. A 1996 aka tallata wa talakawa hannun jarin Deutsche Telekom a talabijin, mutanen da ba su taɓa sayen hannun jari ba suka fito da ajiyarsu. Farashin ya wuce yuro 100 a Maris na 2000, zuwa 2002 ya faɗo ƙasa da yuro 10. Wanda ya ga yadda jama'a suka yi tururuwar sayen hannayen jarin bankuna a Nijeriya kafin faɗuwar 2008 ya san irin wannan raɗaɗin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Volkswagen. Ranar 26 ga Oktoban 2008 Porsche ya bayyana cewa kusan kashi 74 cikin ɗari na hannayen jarin kamfanin suna ƙarƙashin ikonsa, jihar Lower Saxony kuma tana riƙe da kashi 20. Abin da ya rage a kasuwa bai kai kashi 6 ba. 'Yan kasuwar da suka ari hannun jarin suka sayar, da fatan su saye shi da arha su mayar, sai suka wayi gari babu inda za su same shi. Cikin kwana biyu farashin ya haura yuro 1,000, Volkswagen ya zarce ExxonMobil, ya zama kamfani mafi daraja a duniya na ɗan lokaci. Bai ƙara ko mota ɗaya a kan abin da yake ƙerawa ba.

A shekarun baya-bayan nan, Toyota ya daɗe yana kan gaba a Japan. A Jamus kuwa kamfanin manhaja na SAP, wanda injiniyoyi biyar da suka bar IBM suka kafa a 1972, ya tsere wa masu ƙera motoci, har a Maris na 2025 ya zama mafi daraja a Turai. Toyota na sayar da motoci sama da miliyan 10 a shekara, Volkswagen kusan miliyan 9, amma darajar Toyota a kasuwa ta ninka ta Volkswagen sau da yawa. Direban tasha da ke auna Golf da Corolla da yawan zuwansu wurin makanike, tambayarsa daban ce da ta mai zuba jari, wanda ribar gobe yake saye.

Akwai kuma waɗanda jerin ba ya gani sam. Bosch na gidauniya ne da iyalan wanda ya kafa shi, Aldi da Lidl na iyalai ne, haka ma dubban matsakaitan masana'antun da ke riƙe da tattalin arzikin Jamus. Shi ya sa kasuwar Tokyo ta fi ta Frankfurt girma nesa ba kusa ba, alhali a 2023 tattalin arzikin Jamus ya wuce na Japan idan aka auna da dala, kuma raunin yen na da hannu a cikin wannan.

Ni mutanen da ke bayan alƙaluman nan ne ke damuna. Ma'aikaci ɗan shekara talatin da ya zuba ajiyarsa a kasuwar Tokyo a makon ƙarshe na 1989, yana ganin ƙasarsa ta mamaye jerin duniya, sai ranar 22 ga Fabrairun 2024 ya ga Nikkei ya koma inda ya same shi. Lokacin yana da shekara 64.