Baitin da muka soke ma yana da ranarsa

Mu da ke rubuta waƙa a nan Dutse da kewaye, daga Takur zuwa Kiyawa da Birnin Kudu, kusan hali ɗaya gare mu. Kari ya zo mana muna kan babur, sai mu rera shi a waya, mu ce sai mun koma gida. Bayan wata uku wayar ta cika da muryoyin da ba suna, ba kwanan wata. A bara wayar ɗaya daga cikinmu ta ɓata a cunkoson kasuwar Shuwarin, aikin shekara guda ya bi ta. Ya tuna amshin waƙoƙinsa, amma baitocin da bai gama gyarawa ba sun tafi ke nan.

Ra'ayinmu shi ne kowane mai rubuta waƙa ya buɗe kundi. Ba littafin da ake kwafe waƙar da ta kammala muke nufi ba. Muna nufin inda za a rubuta yadda aka yi ta: ranar da tunanin ya zo, abin da ya tayar da shi, karin da aka fara ɗora ta a kai, dalilin da ya sa aka bar ƙwar biyar aka koma ƙwar biyu, kalmar da aka cire don ta karya amsa-amo, da sunan wanda ya ba da shawarar gindin waƙar. Baitin da bai yi ba a ja masa layi ɗaya, kada a yage takardar.

Amfanin farko koyo ne. Muna karanta waƙoƙin Mu'azu Haɗeja, ɗan wannan yanki namu da ya rasu a 1958, muna karanta Fasaha Aƙiliya ta Aƙilu Aliyu, amma abin da ke hannunmu ƙarshen aiki ne. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, mu kuwa zomon kaɗai muke gani. Wanda ya duba kundinsa na bara zai ga gudun kansa. Zai gane cewa kullum a amsa-amon "wa" yake fakewa saboda sauƙinsa, ko kuma baiti na uku ne wurin da jigo ke suɓuce masa.

Amfani na biyu hujja ce. Sau nawa muka ji an kai waƙa situdiyo, bayan kwanaki a ji amshinta a bakin wani? Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare aikin da aka adana ne, a rubuce ko a naɗe. Kundi mai kwanan wata ba zai yanke shari'a shi kaɗai ba, amma ya fi rantsuwa nauyi a gaban masu sulhu. Magabatanmu ma sun san haka, shi ya sa malamai masu rubutattun waƙoƙi kan rufe waƙa da sunansu da ramzin shekarar da suka yi ta.

Wani zai ce Mamman Shata bai riƙe biro ba, kuma wa ya kamo shi? Gaskiya ne. Sai dai Shata yana da makaɗa da 'yan amshi da ke maimaita waƙa tare da shi kusan kullum, su ne kundinsa. Mu kuwa muna rubutu mu kaɗai a ɗaki, bayan an tashi daga aiki ko makaranta. Kuma ko bayan rasuwarsa a 1999, sai da manazarta irin su Ibrahim Sheme suka dogara da hira da mutane kafin su haɗa tarihinsa. Me zai sa mu bar wa na bayanmu wannan wahalar alhali muna da boko da ajami?

Ba abu ne mai tsada ba. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa, da minti biyar bayan kowane zama. Duk muryar da muka naɗa a waya mu ba ta lamba, mu rubuta lambar a kundi, mu riƙa ɗaukar hoton shafukan muna turawa imel ɗinmu. Waiwaye adon tafiya ne, amma sai wanda ya bar sawu yake da abin waiwaya.

Allah ya ƙara mana basira, sai wani makon.