Tabon da Ya Bayyana a Hoton Likita

Idan aka tabbatar mutum yana da ciwon daji a babban hanji, ba a daɗewa sai a ɗauki hoton ƙirjinsa da cikinsa har zuwa mara. Na'urar da a ke yin wannan aiki da ita, wadda a ke kira Si-Ti, wani injiniya mutumin Ingila mai suna Godfrey Hounsfield ne ya ƙago ta, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a Landan cikin 1971. Tana nuna jiki yanka-yanka kamar burodi, alhali wuƙa ba ta taɓa mutum ba. Bayan 'yan kwanaki sai takardar sakamako ta fito, kuma a nan ne mutane da yawa su kan karaya tun ba a shiga fagen fama ba.

Idon likita ya kan fara sauka a kan hanta, gama jinin da ya fito daga hanji ba ya isa zuciya sai ya ratsa ta. Saboda haka idan ciwon ya yi ƙaura zuwa nesa, galibi can ne masaukinsa na farko. To, amma ba kowane tabo ne ciwon daji ba. Lafiyayyun mutane da yawa suna da ɗan ƙullutu mai ruwa a hanta, ko dunƙulen jijiyoyin jini, har su tsufa ba su sani ba. In an yi shakka sai a sake wani hoto da na'ura mai maganaɗisu, watau Em-Ar-Ai, wadda ta fi iya rarrabewa. Haka kuma ɗigo a huhu yana iya zama tabon tsohon tarin fuka. A kan sake dubawa bayan kamar wata 3, a ga ko ya ƙaru.

Sha'anin kaluluwa ya fi wannan wuya. Hoto girmanta da siffarta ya ke nunawa. Babba tana iya zama kumburi ne kurum, ƙarama kuwa tana iya ɓoye cuta. Sai an yi fiɗa, an cire ɓangaren hanjin, an duba kaluluwa aƙalla 12 da madubin likita, sa'an nan a ke sanin ainihin matakin da ciwon ya kai.

Ita wannan takarda likita ne ya rubuta wa likita ɗan'uwansa. Lalle ba daidai ba ne a miƙa wa majiyyaci ita a bakin ƙofa, a bar shi ya kwana yana ƙirga tabo. Wajibin likita ne ya zaunar da shi, ya nuna masa hoton, ya bayyana masa abin da aka tabbatar da abin da a ke zato kawai. Bahaushen da ke zaune a Ingila yana iya roƙon asibitin gwamnati ya kawo masa tafinta kyauta, kuma ya kamata ya roƙa. Kada dattijo ya mai da ɗansa tafinta. Kunya ba za ta bar uba ya yi zancen bayan gida a gaban ɗansa ba, tausayi kuma ba zai bar ɗa ya faɗi maganar likita yadda ta ke ba.

Ko da an tabbatar ciwon ya kai hanta, magana ba ta ƙare ba. Idan ƙullutun kaɗan ne, kuma bai bazu wani wuri ba, masu fiɗa su kan yanke ɓangaren da ya kamu, sauran hantar ta sake tofowa, har wasu su warke sarai. Majiyyaci ya tambayi likitansa ko an kai hotonsa gaban taron likitoci, har da mai fiɗar hanta a cikinsu.