Wa ya zaɓa ma Gwaggo likita?

Ƴan uwa ɗalibai, bari in fara da laifina kafin in taɓa na wani.

Bara gwaggona ta ji wani ƙululu a nononta na hagu. Wata bakwai tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, don an ce mata daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya fantsama. Da abin ya ƙi, aka kira ni, tunda ni ne ɗan lakwal na gidan. Na tambayi abokai, suka nuna mini wani lokotoro da ya yi suna, kilinik ɗinsa tsaf, ga sanyi kamar hunturu. Ya duba ta minti biyar, ya juyo gare ni ya yi ta zuba Faransanci, har ya yanka ranar aiki. Gwaggo ta ja mini riga: "Ɗana, mi ya ce?" Na ce: "Ƙari ne kawai, Gwaggo. A cire shi, shi ke nan."

Ƙarya na yi mata. Cewa ya yi shina zaton daji ne, kuma na ji sarai. Ni da nake karatun ilimin harsuna, nake cika takarda da bambancin ma'anar kalmomi, ni na ɗauki kalma mai nauyi na mayar da ita ƙurji. Shi bai tambaya ko ta gane ba. Ni ban tambaye shi komi ba, farar riga ta rufe mini baki.

Wata ungozoma maƙwabciyarmu ta cece mu. Ta ce: "An ɗebi tsokar an auna?" Ashe kafin wuƙa akwai biyopsi: a ciri ɗan ƙanƙanin nama a duba shi a na'ura, a tabbata daji ne ko ba shi ba ne, kuma wane iri. Sannan a san matakinsa, daga 1 zuwa 4, wato ko shina wuri guda ko ya yi tafiya cikin jiki. Daga nan ake tsara magani: aiki, ko shimiyo, ko radiyoterapi, ko a haɗa. Wani lokaci ma shimiyo ake farawa da shi don ƙululun ya ragu kafin a yanka.

Likita na biyu Bazabarme ne, Hausarsa ta kasuwa ce, shina ce ma mace "kai". Amma ya jawo kujera gabanta, ya faɗi sunan ciwon da bakinsa, ya ce ta maimaita masa abin da ta ji. Ya kuma ce akwai abin da ya fi ƙarfin asibitinsa, ya rubuta mana takarda zuwa Yamai. A gurguwar Hausar nan Gwaggo ta fahimci abin da ni mai nahawu na ɓoye mata.

To, ga abin da nake cewa. Likitan da maras lafiya ba ya iya yi ma tambaya ba likitansa ba ne, ko da takardunsa sun cika bango. Mu daina zaɓe da kyan gini, ko da "ɗan garinmu ne", ko da "shi ya yi ma matar Alhaji aiki". Mu tambaya: an yi biyopsi? Wane mataki ne? Mi za a fara da shi, kuma don mi? In ya fi ƙarfinka, wurin wa za ka tura mu? Wanda ya husata da tambayoyin nan ya riga ya ba ka amsa.

Na san abin da za ku ce: talaka ina ya ga zaɓi? Gaskiya ne, likitocin daji kaɗan ne, yawancinsu a Yamai suke. Sai a 2021 aka buɗe radiyoterapi na farko a ƙasar nan, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa, kuma daga Maraɗi tafiyar ta fi kilomita 600, balle Damagaram. Amma wannan shi ne dalilin yin tambaya. Mai awaki huɗu ba ya da na sayarwa sau biyu. In jikkunan sun ƙare a ƙofar da ba ita ba, da mi za a kai ƙofar gaskiya?

Wasu kuma za su ce a ɓoye ma maras lafiya kar ya karaya. Gwaggo ta haihu takwas, ta binne uku. Ni ne zan koya mata haƙuri? Ran da ta ji gaskiya ta yi shiru, sannan ta ce a sai da awakin, ta daina shan jiƙon da kanta. Wanda bai san ciwonsa ba shi ke guduwa bayan shimiyo na biyu, in gashi ya fara zuba.

Maganar ƙarfe kuwa, mutane na zuwa asibiti bayan ciwo ya ci jiki, in an rasu sai a ɗora ma wuƙa laifin jinkiri.

Mu ƴan lakwal mu ne bakin iyayenmu a gaban likita. Ran da aka ja maka riga aka ce "mi ya ce?", faɗi abin da ya ce. In ba ka gane ba, ka ce ya sake. Gwaggo tana Yamai yanzu, tana karɓar magani. Ku sa ta a addu'a.